Kafin ka kira dillali: yadda ake shirya gida a Abuja ya tsallake binciken hukuma da na mai saye

Mai gida a Abuja idan ya yanke shawarar sayarwa, mai fenti yake fara kira, sannan dillali. A ganina su biyun nan a ƙarshe ya kamata su zo. Ciniki yakan lalace ne ranar da lauyan mai saye ya dawo daga ofishin filaye da rahoton bashi a kan fuloti, ko ranar da injiniyansa ya shimfiɗa zanen da hukuma ta sa wa hannu a kan mota, ya ƙirga ɗakuna ya ga sun fi na takarda yawa. Daga nan farashi ya fara zubewa, kafin mako ya zagayo dillalan unguwa duk sun ji cewa gidan wane yana da magana.

Babu ofishi guda a Abuja da za ka je ka karɓo takarda ɗaya mai cewa gidanka ya cancanci sayarwa. Binciken a rarrabe yake. AGIS, wato ofishin bayanan filaye na Abuja, na duba fili da sunan mai shi, sashen kula da gine-gine na duba abin da aka ɗora a kan filin, kamfanin wuta da hukumar ruwa da ta muhalli kowa na da littafin bashinsa, sannan mai saye ya zo da nasa mutanen. In banki ne zai ba shi rance, bankin ma zai turo nasa. Dabarar ita ce ka riga su duka, ka binciki gidanka da kanka tun ba wanda ya taya. Ka ba wa aikin wata biyu zuwa uku.

Mataki na farko: takardun fili

Tun dokar da ta kafa babban birnin tarayya a 1976, ƙasar Abuja baki ɗaya tana hannun gwamnatin tarayya, kuma Ministan Abuja ne ke ba da fili a madadinta. Abin da ke hannunka izinin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99. Dokar amfani da filaye ta 1978, a sashe na 22, ta ce ba a mayar da wannan izini ga wani sai da amincewar gwamna, a Abuja kuwa amincewar Minista ake nema. Duk sauran maganar takardu daga nan ta samo asali.

Ɗauko abin da kake da shi ka tantance wane iri ne, domin shi zai nuna inda za a yi bincike, shi kuma zai yanka farashi. Wanda ke da cikakkiyar takardar mallaka ta C of O ya fi kowa kwanciyar hankali. Mai takardar R of O, wato takardar ba da izinin zama da ake samu kafin C of O, yana biye, in ya biya kuɗaɗen da aka yanka masa. Gidajen Gwarinpa da wasu sassan Kubwa da Lugbe na hukumar gidaje ta tarayya ne, wato FHA, can fayil ɗinsu yake. Idan a rukunin gidaje na wani kamfani kake, mai yiwuwa takardar rabo kawai ke hannunka, babbar takardar tana sunan kamfanin, don haka sai ka je ofishinsu ka ji sharuɗɗan canjin suna da abin da suke karɓa. Akwai kuma takardun da ƙananan hukumomi irin su AMAC da Bwari da Kuje da Gwagwalada suka raba a shekarun baya. Kotuna sun sha bayyana cewa Minista kaɗai ke da ikon ba da fili a Abuja, shi ya sa ake neman masu irin wannan takarda su miƙa ta a daidaita. In ka miƙa taka, nemo shaidar karɓa da aka ba ka. In kuwa takardar mai unguwa ce kawai da sa hannun shaidu, ka faɗa wa mai saye haka tun a zaman farko, kada dillali ya kira ta da sunan da ba nata ba.

Wanda gidansa ke Mararaba ko Masaka ya tuna cewa a Nasarawa yake, na Madalla da Suleja kuma a Neja. Ko da kullum a Wuse yake wuni, ofishin filayen jiharsa zai je.

Sai ka sa lauyanka ya nemi rahoton bincike a AGIS da sunanka. Mutane na ganin wannan aikin mai saye ne, amma ka fi shi buƙatar sanin abin da ke cikin fayil ɗin. Rahoton zai nuna sunan da ke rajista, girman fuloti, abin da aka ba da filin dominsa, ko akwai jingina a banki, ko ƙarar kotu, ko an taɓa soke izinin. A nan mutane da yawa suke gano cewa gidan da suka saya shekaru goma sha da suka wuce har yanzu sunan mai shi na farko yake ɗauke da shi, domin an tsaya a yarjejeniya ba a kai ta rajista ba. In haka ne, tattaro duk takardun da suka haɗa ka da wancan sunan, hannu bayan hannu, kada a sami giɓi ko ɗaya.

Harajin fili na shekara-shekara kuwa kada ka ɗauke shi da wasa. Ranar 1 ga Janairu yake hawa kanka ko an aiko maka da takarda ko ba a aiko ba. A watan Maris na 2025 hukumar babban birnin ta sanar da soke izinin filaye 4,794 a unguwanni irin su Maitama da Asokoro da Wuse da Garki da Guzape saboda bashin da ya kai shekara goma ko fiye. Tun daga lokacin babu lauyan mai saye da zai bar wannan tambaya. Karɓo lissafinka, ka biya ta hanyar da ofis ya tanada, ka ajiye rasit.

Gidan gado yana da nasa hanya. Rabon da aka yi a zauren gida, ko da malami ne ya yi shi daidai da shari'a, ba ya canza suna a fayil. Ana buƙatar takardar kotu da ta ba magada ikon tafiyar da dukiyar mamaci, kuma kowane magaji ya amince a rubuce, har da mata da waɗanda ke wani gari. Gidan da aka saya da rancen banki kuma, ko ka gama biya, sai ka karɓo takardar sakin jingina an shigar da ita rajista. In asalin takardar mallaka ce ta ɓata, za ka kai rahoto wurin 'yan sanda, ka yi rantsuwa a kotu, ka buga sanarwa a jarida, sannan ka nemi kwafin da ofis ya tabbatar. Wannan yana cin lokaci, shi za ka fara sa wa hannu.

Mataki na biyu: ginin da ke ƙasa da ginin da ke takarda

Nan ne mafi yawan gidajenmu suke tuntuɓe, kuma nan nake so ka fi daɗewa. Sashen kula da gine-gine, wanda kowa ya sani da Development Control, shi ke sa hannu a zanen gida kafin a haƙa harsashi, shi ne kuma mai jan fentin da ake gani a katangu. Nemo zanenka mai hatimi da wasiƙar amincewa da ta zo tare da shi. Ka fita tsakar gida da zanen a hannu, da awo, ka zagaya.

Abin da za ka gani ba baƙo ba ne. Yara sun girma, an ƙara ɗaki biyu a baya. An mayar da garejin mota falon baƙi. An yi wa mai gadi ɗaki a jikin katanga. An fasa katangar gaba an fitar da shaguna uku don a riƙa samun na cefane. Wani ma ya ɗora bene a kan ginin da aka amince masa a matsayin na ƙasa. Duk wanda ya zauna da iyali ya san dalilin kowane ɗaya daga cikin waɗannan, ba na ganin laifin buƙatar. Sai dai hukuma zane take dubawa, kuma tana duba tazarar da aka bari tsakanin gini da katanga ta gaba da baya da gefe, da yawan filin da ginin ya cinye, da adadin hawa, da kuma ko ana amfani da wurin a kan abin da aka ba da shi. Gidan zama da ya koma makaranta ko asibiti ko masauki ko ofis ba tare da izinin canji ba, saɓa ƙa'ida ne mai tara, kuma yana iya kai wa ga soke izinin fili.

In ka sami bambanci, hanya uku ce a gabanka. Ta farko, ka ɗauki mai zanen gine-gine da ke da rajistar ARCON ya auna gidan yadda yake yanzu, ya zana, a miƙa wa sashen a nemi amincewa, ka biya tarar da aka yanka. Wannan yana yiwuwa idan ƙarin bai shiga hanya ko filin wani ko tazarar da doka ta hana ba. Ta biyu, ka rushe ƙarin da hannunka. Shagon da ya fito kan gefen titi ko ya hau magudanar ruwa babu zanen da zai halatta shi, gara ka cire shi ka mayar da katanga inda take, ka kwashe bulo da ƙofofinka ka amfana da su. Ta uku, ka bar shi yadda yake, ka sanar da mai saye a rubuce, ka rage masa farashi. Wadda ba na ba ka shawara ita ce ta huɗu, wadda wani zai raɗa maka a bakin ofis: “Alhaji, kawo wani abu a gyara maka fayil, ba sai an je an duba ba.” Hatimin da aka samu ta bayan gida yakan tonu ranar da mai saye ya je tabbatarwa, kuma sunanka ne a kan takardar, ba na mai raɗa ba.

In an taɓa manna maka takardar dakatar da aiki ko aka shafa maka jan fenti, kada ka shafe da fari ka yi shiru. Kwafin sanarwar yana ofis. Je ka ji matsayin maganar, ka rufe ta da takarda.

Mataki na uku: iyaka, hanyar ruwa da layin wuta

Ɗauki safiyo mai rajista ya nemo duwatsun iyaka ya gwada su da taswirar da ke jikin takardar mallakarka. Aikin wuni ɗaya ne. Katanga takan ci taku biyu ko uku na maƙwabci ko na hanya ba tare da kowa ya lura ba, musamman inda magina suka ja igiya da ido.

Shi safiyon zai gaya maka ko wani ɓangare na gidan ya hau hanyar ruwa, ko bututun ƙazanta na gari, ko filin da aka ware don titi ko shuke-shuke. Mutanen Lugbe da Lokogoma sun san wannan magana da jikinsu. Bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a Lugbe a watan Yunin 2023, masu saye sun koyi zuwa duba gida a tsakiyar damina, suna kallon layin laka a jikin katanga, suna tambayar masu shago na kusa inda ruwa yake kaiwa. In gidanka yana kwari, gyara magudanarka, ka kwashe yashin da ya toshe kwalbati, kuma ka faɗi gaskiyar abin da ruwa yake yi a watan Agusta da Satumba. Manyan layukan wuta ma suna da filinsu da ba a gini a ciki: mita 50 ga layin 330kV, wato 25 kowane gefe, mita 30 kuma ga na 132kV.

Mataki na huɗu: lafiyar ginin kansa

Kafin ka kira injiniya, yi naka zagayen da tocila, da safe, kuma zai fi kyau washegarin ruwan sama. Fara daga sama. Buɗe ƙofar silin ka leƙa. Hasken rana da ke shigowa ta ramin ƙusa, baƙin tabo a jikin katako, garin itace a kan silin, duk suna ba da labari. Soka sukudireba a katakon rufi: in ta shige kamar cikin burodi, gara ta gama da shi, kuma iskar farkon damina ta Abuja ba ta barin irin wannan rufi. Gidajen da aka ɓoye kwanonsu a bayan bangon siminti sun fi yawan yoyo, domin ganye da ƙura kan toshe kwararon da ke ciki, ruwa ya taru ya bi bango ya sauko. Hau ka share, ka zuba bokitin ruwa ka ga ko yana fita ta indararo.

Sauko ka dubi gindin bango. Fentin da ke kumbura yana ɓarewa daga ƙasa zuwa gwiwa, da farin gishiri a jikin filasta, alamar danshi ne da ke hawowa daga harsashi. Masu gida kan rufe shi da tayil, bayan damina ɗaya ya ɓullo a saman tayil ɗin. Mai saye da ya san gini, da ya ga tayil sabo a gindin tsohon bango ya san abin da ke ƙarƙashi.

Tsaga kuma iri-iri ce. Siririya kamar gashi da ta bazu a fuskar filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda za ta tayar maka da hankali ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, ko wadda ta fi faɗi a sama, ko ta ratsa bango har ana ganinta ta ɗaya gefen. In ƙofar da ke kusa ta fara cijewa, ƙasa ce take motsi a ƙarƙashin ginin. Ga gwaji mai sauƙi: shafa ɗan siminti a kan tsagar wuri biyu, ka rubuta kwanan wata a gefe da fensir, ka dawo bayan mako huɗu. In simintin ya tsage, tsagar tana raye. Mazauna Mpape da kewaye, inda ake fasa dutse kuma aka ji motsin ƙasa a watan Satumban 2018, su fi kowa kula da wannan.

Tsaga mai rai, ko dakin (kankaren da ake zubawa a saman gini) da ya lotsa a tsakiya, ko rodin da ya fito yana tsatsa a ƙasan bene, ba aikin birkila ba ne. Nemo injiniyan gini mai rajistar COREN. Zai gwada ƙarfin kankare da na'ura ba tare da ya fasa ba, ya duba ginshiƙai, in ta kama ya haƙa gefen harsashi ya gani, sannan ya rubuta rahoto ya buga hatiminsa. In gidan bene ne, ko an ƙara masa hawa, ina ganin wannan rahoto wajibi ne ko babu tsaga ko ɗaya. Iyalin wani za su kwana a ƙarƙashin wannan dakin, kai kuma ka fi kowa sanin yadda aka zuba shi.

Mataki na biyar: wuta, gas da hanyar tsira

Kira mai aikin wuta da ke da shaidar ƙwarewa ta NEMSA, hukumar da aka kafa da dokar 2015 don duba ingancin kayan lantarki da haɗinsu. Ka tsaya a kansa ya buɗe akwatin rarraba wuta. Warin ƙuna, baƙin tabo a bayan bireka, waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif, bireka da aka cire aka haɗa kai tsaye domin tana yawan faɗuwa, duk a gyara su. Ya duba kaurin waya a ma'aunin mm²: ta fitilu 1.5, ta soket 2.5, ta na'urar sanyaya ɗaki da ta dumama ruwa takan kai 4. Gidaje da yawa an yi musu waya lokacin da fanka da talabijin ne kawai a ciki, yau kuma kowane ɗaki da na'urarsa a kan tsohuwar wayar. Ya gwada sandar tagulla da aka binne a ƙasa ya tabbatar tana aiki, domin ita ke tsakanin mai wanka da mutuwa ranar da hita ta lalace. Makunnin sauya wuta tsakanin ta kamfani da janareta da sola shi ma a duba shi, kuma batura su kasance inda iska ke ratsawa.

Mita kuma a bar ta yadda kamfani ya ɗaura ta. In wani ya taɓa yi maka haɗin da ke zagaye mita, a cire shi, ka je ofishin kamfanin wuta na AEDC ka daidaita. Ka karɓo bayanin asusunka a rubuce, domin akwai mitar kati da aka ɗora wa tsohon bashi ana cira duk lokacin da aka sayi wuta.

Tukunyar gas ta fita daga kicin zuwa waje, a inuwa, a sauya tiyo in ya tsufa, a gwada mahaɗa da ruwan sabulu. Ɗakin janareta ya yi nesa da tagogin kwana, hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba marar wari da ke kashe gida guda a dare ɗaya.

Abin da ya fi damuna a gidajen Abuja shi ne ƙarafan tagogi. Mun tsare kanmu daga ɓarawo har mun rufe wa kanmu hanyar fita. Shiga kowane ɗakin kwana ka tambayi kanka: in wuta ta tashi a falo da tsakar dare, ta ina yaron da ke nan zai fita? Mai walda zai iya mayar da ƙarfen taga ɗaya a kowane sashe ya zama mai buɗewa daga ciki, kuɗinsa bai kai na fentin ɗaki ɗaya ba. Ƙofar baya kada ta zama ma'ajiyar buhuna. A rataye tukunyar kashe gobara a kusa da kicin da wurin janareta, a duba allurarta tana kan kore, a kuma duba ranar da aka cika ta. In gidan na haya ne mai sassa da yawa, ko masauki, rubuta wa hukumar kashe gobara su zo su duba su ba ka takardar shaida, domin irin waɗannan gine-gine ana tambayarsu ita.

Mataki na shida: ruwa, ƙazanta da ƙananan basussuka

Unguwannin tsakiyar gari irin su Garki da Wuse da Maitama da Asokoro suna haɗe da babban bututun da ke kai ƙazanta matatar Wupa, can abin dubawa shi ne ramukan haɗi, kada a ce an yi gini ko an zuba kankare a kansu. A bayan gari kuwa sokawe ne. A kwashe shi, a duba murfinsa, domin murfin da rodinsa ya ruɓe tarko ne ga yara. In kana da rijiyar burtsatse, auna nisanta da sokawe, naka da na maƙwabci. Masana lafiya na son a sami kusan mita 30. Filayenmu ba kullum suke ba da wannan ba, saboda haka kai ruwan ɗakin gwaji ka ajiye sakamakon. Ƙarfen da ke ɗauke da tankin sama shi ma a duba ƙafafunsa, lita dubu ɗaya ta ruwa nauyin tan guda ce.

Sai ka bi ofisoshi ka share bashi: hukumar ruwa, hukumar kare muhalli ta AEPB mai kuɗin shara, harajin gida na ƙaramar hukuma, da kuɗin hidima na rukunin gidaje in a ciki kake. Ba su da yawa ɗaya-ɗaya, amma mai saye yakan tara su ya zabge maka ninkinsu a farashi.

Mataki na bakwai: 'yan haya

In akwai mutane a gidan, su fara ji daga bakinka. Dokar karɓar gida daga ɗan haya da ke aiki a Abuja ta ba mai biyan shekara sanarwar wata shida, mai biyan wata kuma wata ɗaya, sai dai in yarjejeniyarku ta faɗi wani abu daban, bayan wa'adin kuma akwai sanarwar kwana bakwai kafin a je kotu. Cire kwano ko yanke wuta don mutum ya tashi laifi ne, kuma zalunci ne. Kada ka yi wa mai saye alkawarin gida fanko a ranar da doka ba ta ba ka ba.

Mataki na takwas: fayil, farashi da faɗin aibi

Yanzu ka kira mai fenti. Bayan shi, masanin ƙimar gidaje mai rajistar ESVARBON ya kimanta gidan a rubuce, don kada farashinka ya zama abin da dillali ya ji a majalisa. Haɗa komai a fayil guda: kwafin takardar mallaka, rahoton AGIS, rasit na harajin fili, zane mai hatimi, rahoton safiyo da na injiniya da na mai wuta, rasit na gyare-gyare, shaidar biyan basussuka. Kwafi ake ba dillali. Asali yana wurinka ko wurin lauyanka, ana nuna shi ido da ido a mayar.

Abin da ba ka iya gyarawa ba, rubuta shi. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ya ji danshi a ciki. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Malaman fiƙihu sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Dokar ƙasa ma, ko da ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa, ba ta yafe wa mai sayarwa ƙarya ko ɓoye matsalar takardu ba. Takarda ɗaya mai cewa bangon gabas yana danshi, ɗakin baya ba ya cikin zane, ruwa yana taruwa a bakin ƙofa in an yi mamako, wadda mai saye ya karanta ya sa hannu, ta fi maka kowace rantsuwa ranar da magana ta tashi. Dillali zai ce, “Ranka ya daɗe, wannan ai kashe kasuwa ne.” Ka ce masa da shi da wanda zai kawo duk su karanta. Ka kuma yanke la'adarsa a rubuce tun kafin ya kawo kowa, ka san ko mutum nawa ne a layin.

Ranar da mai saye ya zo da injiniyansa, buɗe ko'ina, har silin da bayan gida da ɗakin janareta, ka kunna famfo da fitilu, ka bar su su yi aikinsu.

Mataki na ƙarshe: biya da miƙawa

In an yi na'am da farashi, lauya ya rubuta yarjejeniyar ciniki kafin ka taɓa kuɗin kafin alƙalami, a faɗi abin da zai faru da shi in ɗayanku ya janye. Kuɗin gida ta banki ake biyansa: dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta haramta biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani, ba tare da an bi ta banki ba. Kada ka saki asalin takardu sai bankinka ya tabbatar kuɗin sun zauna, saƙon waya ba shaida ba ne. Tanadi takardar shaidar biyan harajinka ta FCT-IRS, hukumar tara haraji ta Abuja, domin ana nemanta a harkar fili, kuma ka sa lauya ya lissafa maka harajin ribar sayarwa bisa sababbin dokokin haraji da suka fara aiki a Janairun 2026, tun kafin ka raba kuɗin a zuciyarka.

Masu saye da yawa a Abuja sukan karɓi takardar wakilci su tsaya a nan, don gudun kuɗin rajista. Takardar wakilci ita kaɗai ba ta mayar da mallaka. A rubuta cikakkiyar takardar mayar da mallaka, a nemi amincewar Minista, a buga mata hatimin haraji, a shigar da ita rajista. Muddin ba a yi haka ba, sunanka ne a fayil: harajin fili kai yake bi, in aka ƙara bene ba izini kai za a rubuto wa, in aka kai ƙara kai za a kira. Saboda haka a sa a cikin yarjejeniya wanda zai biya kowane kuɗi, da watannin da aka ba mai saye ya kammala canjin suna. Ranar miƙa makullai ku ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa, ku rubuta abin da aka bari a gidan, tanki da famfo da batura da sauransu, ku biyu ku sa hannu gaban shaidu, sannan ka rubuta wa AEDC da hukumar ruwa da AEPB cewa daga wannan rana asusun ya koma hannun wani, ka karɓi kwafin wasiƙar da hatimin karɓa a kanta.